Sikelin Alhusaini

Duk mazaunin Arlit ya san Alhusaini mai kamfanin garin kunu na yara masu tamowa. Ma'aikatansa huɗu ne, mata masu ilimin abinci, suna auna yara, suna koya wa iyaye abin da za su dafa. Ciniki na tafiya, amma mutumin nan ya raina abin da yake samu.

Wata Talata da rana tsaka ya ɗora sikelin kamfani a mota, ya ɗauki hanyar Assamakka, ya ratse cikin duwatsu wurin wani boka. Bukkar fata ce. A ciki akwai ƙoƙon kan raƙumi da tsohuwar hular mahaƙa ma'adinai cike da baƙin yashi, ƙudaje na bin busasshen jini a bakinta.

Boka ya yanka baƙin bunsuru a kan sikelin, ya ce, "Kowace safiya ma'aikatanka su hau. Abin da ya ragu a jikinsu zai ƙaru a aljihunka. Amma abin nan ba ya azumi. Ranar da ba wanda ya hau, gidanka zai shiga."

Alhusaini ya yi dariya. "Haba Baba, masu neman aiki sun ƙare a Arlit ne?"

Kuɗi kuwa suka zo. Manyan motoci uku, bene, sabbin injuna. Ya soke hutun cin abinci, aiki tun safe har magariba. Kai, abin tausayi! Mata na koya wa mutane cin abinci, su kuma zani na zamewa daga ƙugunsu. A cikinsu Hansai ta mutu. Zulaihat ta bi ta.

Babbarsu, Mina, ta tare shi. "Mai gida, shekara goma ina auna mutane. Wannan ramar ba ta yunwa ba ce. Wallahi na bar hawa."

Ta fita da ɗayar da ta rage, suka baza maganar a kasuwa da tasha. Ya ninka albashi, ko mutum ɗaya bai zo ba.

Kwana uku sikeli ba kowa. 'Yargata, 'yarsa tilo, ta fara zubewa, tana ci kamar an zuba a rami. Ran tara aka kai ta makabarta, ɗaukar hannu ɗaya. Uwarta ta haukace, tana yawo da ludayi tana ɗura wa bango kunu.

Sai a lokacin Alhusaini ya hau sikelin da kansa, yana kuka, yana cewa a ɗauki nasa a maido masa da ita.

Nasa dai an ɗauka. Yana nan bakin tasha, ƙashi da fata, kamfani a kulle. Ku masu kwaɗayi, ku je ku gan shi, ku ji tsoron Allah a kan waɗanda ke muku aiki.