Gudun Jinin 'Yarsa

Tana cikin goge kan na'ura aka turo ƙofar ɗakin hoton asibiti. Ta ɗago, sai tsumman ya suɓuce daga hannunta.

Shi ne!

Shekara shida ba ta sa shi a ido ba. Yana saɓe da yarinya 'yar shekara huɗu, idanunta sun yi rawaya.

"Ke ce a nan?" ya ce.

"Kwantar da ita."

Ta duba takardar likita. Sikila. A auna gudun jini a jijiyoyin kai, don a gano haɗarin shanyewar jiki tun bai zo ba.

Sikilar da ta raba su ke nan. Ana saura wata biyu bikinsu gwaji ya nuna dukansu suna ɗauke da ƙwayarta. Babanta ya ce ba zai zuba ido a haifo masa jikoki cikin azaba ba. Ta yi kuka har ta gode Allah, ta haƙura. Sai 'yar kawunta ta kai masa takardar nata gwajin, jini tas, ya aure ta.

Ta shafa wa yarinyar mai a gefen kunne.

"Anti, da zafi?"

"Ko kaɗan, 'yan mata. Sanyi kawai za ki ji."

Ta ɗora kan na'urar a wurin, ƙarar jini ta cika ɗakin, fuu... fuu... Lambobin da ke fuskar na'urar suka hau, suka wuce inda ya kamata. Ta sake aunawa har sau uku. Haka dai.

"Takardar bogi 'yar kawunki ta kawo mini," ya ce a hankali. "Bara ta amsa da bakinta, muka rabu. Hasken idona, ni da ke..."

"Kar ka ƙara kirana haka."

"A banza na rasa ki!"

"Ba a banza ba ne. Jinina bai canza ba, naka ma haka." Ta nuna masa lambobin. "Jijiyar ta matse, jinin yana gudu fiye da kima. Amma an gano da wuri. Yau ɗin nan ka kai ta wajen likita, a fara yi mata ƙarin jini."

Ya ɗauki 'yarsa. A bakin ƙofa yarinyar ta ɗago mata hannu.

Ta buɗe famfo ta bar shi yana zuba, don kada masu jira su ji kukanta. Da ya lafa ta wanke fuska, ta canza zanen gado, ta leƙa waje.

"Na gaba!"