Sifilin Inna Mero

"Ke ce kika rubuta wannan?"

Ibtisam ta kalli takardar da ke hannun Muzammil. Rubutunta ne, ba na aljani ba. Sifili huɗu reras.

"Ni ce..."

"Wuni guda uwata na murƙususu, ke kina rubuta ba ta jin komai?"

Ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige. A barandar asibiti, a tsakiyar Wad Madani, ga 'yan jinya sun baza kunne.

Samira, 'yar kawunsa, wadda duk garinsu Mai Wurno an san ta daɗe tana hangensa, ta taɓe baki.

"Ai na faɗa maka gwaji suke yi da mutane. Ta ga tsohuwa, ta samu banza."

"Habibi, ka saurare ni..." in ji Ibtisam.

"Kawunnena ba za su je wurin babanki ranar Juma'a ba. A dakata da maganar auren."

Ya juya ya tafi.

To, ga yadda abin ya faru. Ibtisam ma'aikaciyar jinya ce a binciken da Daktor Khalid, likitan binji, wato mai sa barcin tiyata, yake yi kan zafin da mutum ke ji bayan tiyata. Aikinta ta tambayi majiyyaci ya auna ciwonsa daga sifili zuwa goma. Wanda ya kai huɗu, a ƙara masa allura. Inna Mero, mahaifiyar Muzammil, da bakinta ta amince aka sa ta ciki, ranar da za a yi mata tiyatar ciki.

Sai dai wace uwa ce za ta ce wayyo a gaban yarinyar da ɗanta zai aura?

Duk zuwan da Ibtisam ta yi, tsohuwa sai ta ja mayafi ta juya fuska bango.

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Babu komai."

Ita ma Ibtisam uwar kunya, daga ƙafar gado take tsayawa, kai a sunkuye. Ta ga yatsun tsohuwa sun damƙe zanin gado. Ta gani sarai. Amma ta yaya za ta ƙaryata suruka? Ta rubuta sifili ta sulale, har sai da yamma wani likita ya tarar da Inna Mero sharkaf da gumi, tana cizon leɓe.

Bayan tafiyar Muzammil, ofishin Daktor Khalid ta nufa.

"Daktor, ka ce matan Hausawa ba su cika buƙatar ƙarin allura ba."

"Haka alƙaluman suka nuna, ya Ibtisam. Abin mamaki ne."

"Ba mamaki ba ne, dauriya ce. Matanmu ko haihuwa suke ba sa kuka. In akwai suruki a ɗakin kuwa, ko yanka su ake ba za ka ji ba. Na sani tun farko, na yi shiru don ina jin kunyar a ce mutanena ba su faɗi gaskiya ba."

"Mata nawa?"

"Goma sha ɗaya."

Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce za a ware takardun nan, daga yau kuma a fitar da dangi kafin tambaya, a dubi fuska, a auna bugun zuciya.

Kwana takwas Muzammil bai ɗauki wayarta ba. Ran na tara ta hau motar Sinnar, daga can ta ƙarasa Mai Wurno da jakar aikinta.

Samira ce ta tare ƙofa.

"Kin zo ƙarasa ta ne?"

"Bar ta ta shigo," in ji wata murya daga ɗaki.

Inna Mero na kwance kan angareb, gadon igiya, Muzammil na zaune gefe, ko kallonta bai yi ba. Ibtisam ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Inna, ki yafe mini. Na ga kina shan wuya, kunyarki ta hana ni magana."

Tsohuwa ta juya ga ɗanta.

"Muzammil, sau huɗu yarinyar nan ta tambaye ni, sau huɗu na yi mata ƙarya. Kwana tara ina ji ana zaginta a gidan nan, kunya ta hana ni buɗe baki. In laifi ne, nawa ya girmi nata."

Sai a lokacin ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Ibtisam... habibti, ni..."

"Tashi ka nemo kawunnenka, ka ajiye habibtin sai an ɗaura. Samira, bi shi."

Ɗaki ya rage su biyu. Inna Mero ta janye mayafinta da kanta, ta buɗe wurin ɗinkin.

Ibtisam ta fara ɓare filasta a hankali. Tsohuwa ta kamo hannunta ta matse.

"Yi sannu, 'yata. Wallahi da zafi."