Ranar da Nafi'u Ya Nuna Dutsen

Ku matso kusa. Walida, kife wayar nan, haskenta na shiga mini ido. Kun dame ni sai na faɗa muku dalilin da Yaya Nafi'u ba ya taɓa kwamfuta, alhali da ita ya yi karatu. To zan faɗa, amma ba na son dariya. Ina gidan aka yi komai.

Lokacin Nafi'u na aiki da wani kamfanin fasa dutse a Abuja. Aikinsa taswira. Shi ke nemo musu inda dutse mai kyau yake, su zo da motoci su farfasa. Sai mahaifiyarsa, Gwaggo Hajo, Allah ya jiƙanta, ta kwanta. Cikinta ba ya riƙe komai. Ko ruwa ta sha, sai ya dawo. An je asibiti, an dawo. Nafi'u ya roƙi ogansa ya bar shi ya yi aiki daga ƙauye, ni kuma aka tura ni jinya.

Kun san garin ba sabis. Sai an ratsa kurmin gabas, an hau baƙin dutsen da ke bayansa. Wannan dutsen da ake hana mu zuwa da tsakar rana. Su kuma mitin ɗinsu na bidiyo da tsakar rana suke yi.

Na ce, "Nafi'u, kada ka hau."

Ya ce, "Barira, in ban hau ba, wa zai sayi maganin Inna?"

Ya rataya jakar laftof ɗinsa ya tafi.

A can sama ya tarar da wata tsohuwa. 'Yar ƙarama, zane ɗaya, da ƙoƙo a hannu. Tana zaune bakin wata tsaga a jikin dutsen. Ya yi sallama. Ya ga bakinta ya motsa a gabansa, amma amsar daga bayan wuyansa ta fito.

Ya waiga. Ba kowa.

Ta miƙe ta tako. Dutsen nan ya ɗau zafin da ba ka iya dafa shi. Amma duk inda ta ɗaga ƙafa, sai ka ga sawun a jiƙe.

"Ɗan Hajo ne?"

"Ni ne, Iya."

"Uwarka ba ta riƙe ruwa."

Ta zura ƙoƙon cikin tsagar, ta fito da shi cike. Ta juye masa a gorarsa.

"Kai mata. Ka zo kullum, ka zauna, ka yi aikinka. Abu ɗaya nake so. Kada ka nuna gidana."

"Ba zan nuna ba, Iya."

"Ba da baki ba, ba da yatsa ba."

Da hannuna na ba Gwaggo ruwan. Ya zauna. Washegari ta nemi kunu. Kafin sati ya zagayo tana zaune a tsakar gida tana yi mini faɗan gishiri ya yi yawa a miya. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Amma ruwan ba ya kwana. Duk ranar da Nafi'u bai hau ba, ciwon ya dawo.

Nafi'u ya lura da wani abu. A taswirar kowa, wurin nan kurmi ne kawai, kore shar. Sai a kwamfutarsa, in yana zaune a kai, dutsen ke fitowa, baƙi wuluk, irin wanda kamfaninsu ke nema ido rufe. Bai sa shi a aikinsa ba. Bai gaya wa oga ba.

Mutum ɗaya ya gaya wa. Lurwanu.

Anas, ba ka san shi ba, kuma ba ka yi asara ba. Amininsa ne tun makarantar kwana. A gidan Gwaggo yake hutu. Da ɗana take kiransa, ta ɗebe masa naman miya kafin ta ba nata ɗan. Nafi'u ne ma ya kai shi kamfanin. Shi ya sa da dare ya yi, zuciya ta yi nauyi, ya ba shi labarin tsohuwar da ruwan da taswirar. Bai faɗi inda wurin yake ba. Lurwanu ya ce, "Wallahi daga ni sai kai."

Ashe oga ya yi alkawari. Duk wanda ya kawo sabon baƙin dutse, shi za a ba shugabancin sashe.

Ranar da abin zai faru, Nafi'u ya hau, ya karɓi ruwa, ya ajiye gorar a gefe. Saura kaɗan a fara mitin, sai ga kiran Lurwanu.

"Mutumina, yau zan zo duba Inna. An ce gadar hanyarku ta karye. Buɗe taswira ka duba mini ta inda zan ratse."

Nafi'u ya ji daɗi har ransa. Ya buɗe, ya kwatanta masa. Ya hango wani makiyayi a ƙasa, ya aiko shi ya gaya mini in yi dambu, Lurwanu na zuwa. Lokaci ya yi, ya shiga mitin, ya bar taswirar a buɗe a baya.

Bari in gaya muku yadda irin wannan mitin yake. Kowa na cikin ɗan akwatinsa a fuskar kwamfuta. In za ka yi bayani, sai ka yi sharin sikirin, wato ka buɗe wa kowa abin da kake gani. Iri biyu ne. Ko ka nuna shafi ɗaya tak, ko ka nuna duka, kamar ka yaye labulen ɗakinka. Nafi'u kullum shafi ɗaya yake nunawa. Yana kiyayewa ƙwarai.

Aka zo kansa. Ya nuna shafin aikinsa.

Lurwanu ya ce, "Ba ma gani."

"Ga shi nan na nuna."

"Baƙi ne kawai a nan. Yallaɓai, kana gani?"

Oga ya yi shiru. Ashe an riga an shirya da shi.

"Cire wannan," in ji Lurwanu. "Danna duka sikirin. Yi sauri, Yallaɓai na jira."

Da wani ne ya faɗa, da ya tsaya ya duba. Amma Lurwanu ne. Ya danna.

Taswirar ta fito a gaban kowa. Baƙin dutse, da ɗigon shuɗi a tsakiyarsa, daidai inda yake zaune.

Ya ji muryar Lurwanu, a sanyaye, ko kunya babu. "Ga shi nan, Yallaɓai. Na faɗa maka yana ɓoye mana. Na ɗauki hotonsa."

Nafi'u ya kai hannu zai tsayar. Maɓallin ya ƙi. Ya sake dannawa. Ya ƙi.

Iska ta tsaya. Tsuntsayen kurmi suka yi tsit.

A ƙasan sikirin wani sabon akwati ya buɗe. Ba suna, ba fuska. Sai muryar ta fito, wannan karon ba daga bayansa ba. Daga cikin kwamfutar.

"Ɗan Hajo. Ka nuna."

"Iya, ba da gangan ba ne. Yaudarata aka yi."

"Wa ka gaya wa?"

Nafi'u ya dubi akwatin Lurwanu.

"Na ce ba da baki ba."

Oga ya ce, "Wace ce wannan? Wa ya shigo da ita?"

Nafi'u ya ji sanyi a kafaɗarsa, ruwa na ɗiga a rigarsa. Tsohuwar ta leƙo ta gefensa tana duban akwatunan nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa.

"Sun ga gidana. Ba na zama inda aka gani." Ta ɗora jiƙaƙƙen yatsa a kan akwatin Lurwanu. "Wannan ne ɗan da Hajo ke ɗebe wa nama?"

"Shi ne."

"Ɗakinsa da sanyi."

Kwamfutar ta mutu.

Ya juya. Ba tsohuwa. Sawun ƙafarta na bushewa yana kallo. Ya zura hannu a tsagar har kafaɗa, ƙura ya taɓo. Ya kira ta, ya roƙe ta, har muryarsa ta dishe. Sai ya tuna da gorar. Ya ɗaga, ya ji da nauyi. Ya rungume ta ya sauko da gudu, ya bar laftof ɗin a can.

Ni na karɓi gorar. Na kawo kofi, na tuntsura. Yashi ya zubo.

Gwaggo na kallonmu daga kan tabarma. Ba ta tambayi ruwan ba. Ƙamshin dambu ya cika gidan. Ta ce, "Lurwanu bai iso ba? A rufe masa nasa, kada ya huce."

Nafi'u ya fita. Na ji kukansa a bayan ɗaki.

Ba ta kai Juma'a ba. Kwananta ne ya ƙare, na sani, kowa da ranarsa. Amma har ranar ƙarshe tana tambaya ko gadar ce ta hana yaron nan zuwa, kuma ba wanda ya iya gaya mata. Wannan ne ban yafe ba.

Lurwanu ya zo ta'aziyya, da sabuwar mota. An ba shi kujerar shugabancin, Nafi'u kuma an sallame shi. Ya zauna a sahun gaba, ya fi kowa ɗaga hannu wajen addu'a. Ni na kai wa baƙi ruwa. Da ya tashi na dubi tabarmar. Bayan inda ya zauna akwai sawu biyu, ƙanana, a jiƙe.

An ce yanzu ba ya kunna kyamara a mitin. Duk ranar da ya kunna, sai wani ya ce, "Yallaɓai, gaishe mana da Iya da ke bayanka." Ya sauya gida, ya sake sauyawa. Kamfanin kuwa sun zo sun fasa gefen dutsen, ya riƙa marmashewa kamar busasshen tuwo, suka kwashe motocinsu.

Dutsen na nan. Yanzu kowa na ganinsa a taswira, kuma har gobe akwai sabis a kai. In kun je ƙauye, wayarku ta ɗauke, kada wanda ya ratsa kurmin nan shi kaɗai. Ita mai ba da ruwa ta tashi. Ban san wanda ya tare a gidan ba.

Walida, ɗaga wayar. Wa kika bari a kan layi tun ɗazu?