Bencin Horo

A bakin ƙofar majami'a rigimar ta tashi, ranar jana'izar Hajara.

Asabe ta sauko daga a-kori-kurar da ta ɗauko gawar 'yarta, tana riƙe da hannun Mero. Dattijo Zailani, mai zaunar da jama'a, ya tare su da murya ƙasa-ƙasa. Wai uwa da dangi su wuce gaba, amma Mero ta san wurinta.

Wurin nata kuwa bencin nan ne na can baya, jikin bango, inda ake ajiye duk wanda aka sa a horo. Nan Hajara da Mero suka yi shekara da shekaru, tun ranar da aka kira sunayensu a gaban jama'a aka ce 'yan maɗigo ne. Aka cire su daga cikin mawaƙa, aka hana su cin gurasar Jibin Ubangiji. Duk da haka ba su taɓa fashin Lahadi ba. Daga ɗakinsu na unguwar Tukur-Tukur za su tako a ƙafa, su raɓe a baya, suna bin waƙa a hankali kamar masu satar ta.

"Zailani, dube ni da kyau," in ji Asabe. "Da ciwo ya kwantar da yarinyar nan, wa ya leƙo a cikinku?"

Ya ce ai doka ce, ba shi ya kafa ta ba.

Ko sauraronsa ba ta yi ba. Ta ce Mero ce ta goya Hajara zuwa asibiti, ita ta wanke mata zannuwa, ita ta dama kunu tana ba ta a cokali. Dangin Mero na Ƙofar Kibo sun rufe mata ƙofa saboda Hajara, ba ta ko waiwaya ba. Da rai ya zo fita ma, ba uwarta Hajara ta kira ba. "Rabin raina," ta ce, kanta a cinyar Mero.

"Iya, ki bari..." Mero ta ja hannunta, hawaye na zuba. "Zan zauna a baya. Na saba."

"Ke kin saba. Ni ban saba ba."

Fasto ya fito yana lallashi, wai za a duba maganar bayan an binne. Bayan an binne. To wa kuma za a yi wa adalcin?

A gaba 'yan Zumuntar Mata sun jeru cikin zanensu iri ɗaya, sun bar wa Asabe wuri a tsakiya. Tun ba a haifi Hajara ba take zama cikinsu. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta sunkuyar da kai. Sai ta juya, ta ja Mero har bencin horo, ta zauna daidai inda zaman 'yarta ya goge katakon.

Daga nan ko akwatin gawar ba a gani. Ginshiƙi ya tare komai.

"Ashe abin da kuka yi ta kallo ke nan..." in ji Asabe.

Aka buga tulun kiɗa, waƙa ta tashi. Can sai Delu, tsohuwa mai jan ƙafa, ta miƙe daga gaba, ta tako har baya ta zauna kusa da su. Ita kaɗai. Sauran ko motsi.

Mero ta soma bin waƙar a ciki-ciki, yadda ta saba. Asabe ta damƙe hannunta.

"Ɗaga muryarki, 'yata. Hajara tana can gaba, daga nan ba za ta ji ki ba."