Gurasar da Mamir Ya Kasa Ci

Da hantsi Sufeto Kubanic ya shiga wata tsohuwar unguwa a gefen birnin Bishkek, hayaƙin kwal ya rufe rana. Ya tarar da Inna Burul a tsakar gidanta cikin riguna uku saboda tsananin sanyi, tana kallon ƙarafa biyu a jikin bango, babu komai a kansu.

"Nan yake zaune, ɗana. Jiya da azahar muka tafi sadakar maƙwabci, muka dawo wayam."

Injin ɗumama gida aka sace, mai kama da akwatin iyakwandishan, wanda ke zuƙo ɗumi daga iskar waje ya tura ɗaki. Hukuma ta yi alkawarin biyan kaso mafi tsoka na kuɗinsa ga duk gidan da ya dace, amma injiniyoyi suka ce gidajen unguwar sun tsufa, bangon laka ba ya riƙe zafi. Sai jama'a suka yi gayya, suka lulluɓe bangon Inna da soso mai riƙe zafi, suka toshe kafofin tagogi, aka saka mata na gwaji. Jibi masu dubawa za su zo. In sun sami ɗakin da ɗumi, unguwa duka ta ci tallafi. In sun same shi da sanyi, magana ta mutu, jikar Inna mai asma ta ci gaba da shaƙar hayaƙin kwal.

Sufeto ya duba bututun da aka cire injin daga jikinsa. Ba sara aka yi ba, kwance notuna aka yi a natse. Ya shiga ciki ya ga an kashe wuta daga jikin mita, ƙofa kuwa ko ƙwarzane babu.

"Inna, ina kike ajiye makulli?"

"Ƙarƙashin murfin tanderu. Daga ni sai dangin marigayi suka sani. Amma kada ka wahalar da kanka, Sagin mai kwal ne. Wa zai yi asara in mun daina saye?"

Ya sami Sagin a rumfarsa yana tari kamar zai amayar da huhu.

"Ina kake jiya da azahar?"

"Wajen sadaka mana, ranka ya daɗe."

"Mai sadakar ya ce bai gan ka ba. Kuma an shaide ka, ba ka ɓata inda ake rabon naman doki."

Sagin ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ofishin tallafi na je, ni ma a saka mini injin. Ka ji ƙirjina ai. Don Allah kada ka faɗa, yaran unguwa za su maishe ni waƙa."

"Da motarka ka je?"

"A bas. Mamir, ƙanen mijin Inna, ya ari motar, wai zai ɗauko rago."

Sufeto ya leƙa bayan motar. Ƙurar kwal ce shimfiɗe, a tsakiya ga shatin wani abu mai kusurwa huɗu. Babu sawun kofato, babu kashi ko ɗaya. Ragon da ya hau mota ya sauka bai bar shaida ba, ba a haife shi ba tukuna.

Da ya koma gidan Inna sai ya iske Mamir zaune a kan shimfiɗa, sanye da hular gashi mai tsada, ya zo jaje.

"Matar yaya, na sha faɗa miki, wannan kango ba na injin zamani ba ne. Masu gina bene suna son layin nan. Ki sayar, ki huta."

"Ƙaramin maigida, a nan yayanka ya cika, a nan zan cika," in ji ta, don ba ta kama sunan dangin miji.

Ta ɗauko gurasa mai zafi ta gutsuttsura a kan ledar cin abinci. Sufeto ya ɗauki loma. Mamir ya miƙe yana gyara kwat.

"Sauri nake yi."

Inna ta bi shi da kallo. A al'adar garin nan, ko mai kawo takardar wuta ba ya fita gidan mutane bai sa gurasa a baki ba.

"Taɓa mana, yaya," in ji Sufeto.

"Likita ya hana ni."

"Jiya ma ya hana ka? An ce a sadaka sai da ka cinye faranti guda kafin ka sulale. Yaya ragon?"

"Wane rago? Au, lafiyarsa lau."

"Mai ladabi ne, ko kashi bai yi a mota ba." Sufeto ya ɗauki gutsuren gurasa ya miƙa masa. "Riƙe. Ka ce gurasar gidan nan ta kama ka in ka san inda injin yake. Ka ci, ka tafi abinka."

Mamir ya karɓa. Mutum ne da zai yi wa alƙali ƙarya ido cikin ido, amma da gurasar nan aka yaye shi, lokacin da uwarsa ta rasu Inna tana amarya. Ya ajiye gurasar a hankali, fuskarta a sama.

"Yana garkena, ƙarƙashin ciyawa. Kamfanin masu gina benen ya ce in layin nan ya faɗo hannunsu, ɗaki uku nawa ne a hawa na biyu. In tallafi ya zo, ba mai sayarwa."

Ba yunwa ke sa mutum ya saci ɗumin tsohuwar da ta goya shi ba. Kwaɗayi ne, kuma shi ne mabuɗin wahala. Sufeto ya sa masa ankwa ya fito da shi, maƙwabta sun yi layi a bakin ƙofofinsu suna kallo.

Kafin la'asar an dawo da injin, a motar Sagin, shi da kansa ya riƙe tsani mai gyara ya ɗaure notuna.

Ranar da masu dubawa suka zo, Sufeto ya biyo ta layin, wai wucewa yake. Ya tarar da babbansu, wanda ya rantse bangon laka ba zai riƙe zafi ba, ya cire kwat, ya cire suwaita, yana share goshi. Jikar Inna na wasa a ƙasa ba ko safa.

"An amince da unguwar," in ji mutumin. "Inna, ko za a ɗan buɗe taga?"

"Ba a gidan nan ba," in ji ta, ta tura masa gurasa.