Kukan Tsohuwar Ƙofa

"Me ka yi wa ƙofar?"

"Gyara na yi mata, Auta. Na kankare, na yi fenti, na zuba wa ƙarafanta mai..."

"Mai?! Wayyo Allah, ka kashe ni!"

Ya tsaya da guduma a hannu yana kallona kamar na zautu. Kafinta ne, kuma shi zan aura. Shi ya karɓi aikin gidanmu da kansa: sabon falo ta baya, manyan tagogi, tayil har kicin. Abu ɗaya na roƙe shi, kada ya cire tsohuwar ƙofar falon Baba. Bai cire ba kuwa. Ni ce shashashar da ban faɗa masa dalili ba.

Shekara talatin Baba na dawowa daga aiki ƙarfe shida, ya tura ƙofar nan, ta yi ƙiiii. Bayan rasuwarsa, iskar yamma ta ci gaba da tura ta a daidai lokacin. Umma takan gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa," sannan ta ci abinci. Shekara huɗu ke nan. Ni kaina tsigar jikina na tashi, amma ban taɓa hana ta ba.

Ran nan shida ta yi, ƙofa ta buɗe shiru. Umma ta kasa kunne har duhu ya fara.

"Babanku bai dawo ba," ta ce, ta ture kwano.

Kwana uku ruwa kawai take sha. Tana zaune cikin gida sabo fil mai warin fenti, idonta a kan ƙofa, kullum ƙara ramewa take. Tsoro ya kama ni, na huce a kan kafintan.

"Idan wani abu ya sami uwata, wallahi babu ni babu kai!"

"Haba masoyiyata, da kin gaya min..."

"Kai komai ka gani sai ka gyara! Wa ya aike ka?"

Washegari ya zo da kalanzir da tsumma, ya durƙusa yana wanke man da ya zuba. Ya kwance ƙarafan, ya jiƙa su da ruwan gishiri, ya shanya a rana don su yi tsatsa. Mutumin da ko ƙusa ya gani a karkace sai ya miƙar, yau ga shi yana ɓata aikinsa da hannunsa. Ina leƙensa ta sabuwar taga ina kuka, don ina sonsa kamar raina.

Rana ta biyar ya mayar da su. Shida saura kaɗan na zauna kusa da Umma. Ko ganye ba ya motsi a waje. Iskar ta ƙi zuwa.

Sai ƙofar ta motsa. Ƙurrr... wani kuka mai kauri, ba irin na da ba.

Umma ta ɗago a hankali. Ta daɗe tana saurare, hawaye na bin kuncinta.

"Wannan ba babanku ba ne."

"Umma..."

"Na sani, Auta. Na daɗe da sani. Ƙofar ce ba ta bari in sallame shi."

Ta share fuska da bakin mayafi, ta ɗaga murya. "Wa ke ɓoye a bayan ƙofar nan?"

Ya leƙo, kansa a ƙasa, hannuwansa duk jan tsatsa. "Ni ne, Umma. Ki yafe min, na kasa dawo da shi."

"Ai ba ya dawowa, ɗana. Shigo." Ta jawo kwanon da ta yi kwana biyar tana turewa, ta buɗe. "Sannu da zuwa. Wanke hannu mu ci."