A Haife Ni a Gidan Nan

Da rigima suka fara, kuma a kan maki ɗaya tak.

Wata Asabar ce da la'asar, a filin simintin nan na bayan coci a unguwar Nateete, inda ƙungiyoyin rukuni na biyu suke buga ƙwallon kwando. 'Yan kallo ba su kai sittin ba, rabinsu ma 'yan acaɓa ne masu jiran fasinja. Imma Nabukenya ce a teburi, da biro biyu, ja da shuɗi, tana rubuta duk ƙwallon da ta shiga da duk laifin da alƙalin wasa ya hura. Litinin zuwa Juma'a lissafi take koyarwa a firamare, Asabar kuwa teburin nan nata ne, kuma kowa ya san ba a taɓa mata takarda.

Ana tashi sai ga kyaftin ɗin 'yan Nateete, Gonzaga Mugerwa, dogo har tsawon ya yi yawa. Kyaftin ba ya sa hannu a takardar wasa sai in yana da ƙorafi, shi kuwa ya zo da nasa. Wai jifarsa ta ƙarshe ta maki uku ce, aka rubuta masa biyu. Da tazarar goma sha ɗaya fa suka ci wasan.

"Babban yatsanka yana kan layi," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Daga nan kika hango yatsana?"

"Da irin ƙafar nan taka, daga garin Masaka ma ana hangowa."

Sai a lokacin ta ɗago. Shi kuma ya tsaya da biro a hannu, ya manta abin da ya kawo shi. Ya nemi lambar wayarta, ta ce babu gurbin wannan a takardarta. Bai yi zuciya ba, ya rubuta tasa a jikin takardar da aka naɗe mata gurasar capati da ƙwai.

Kwana huɗu ta ja masa rai, sannan ta turo saƙo:

"Na sake dubawa. Biyu ne."

Ya mayar mata nan take:

"Na yafe makin, Mai Jan Biro. A ba ni shayi ɗaya tare da ke a madadinsa."

Shayin ya zama biyu, ya zama na kowace Lahadi bayan coci. Ta koma kiransa Dogona. Kullum da ƙarfe shida na safe, yana filin atisaye, sai ya turo mata: "Kin tashi lafiya, Mai Jan Biro? Na jefa goma da sunanki, tara sun shiga." Ita kuma ta ce: "Ina ta goman? Kada ka riƙa zubar min da suna a ƙasa."

Bai ɓoye mata komai ba. In sun ci wasa shilin dubu arba'in ne, in an ci su dubu ashirin, wani watan ma sai dai alƙawari, don kamfanin fentin da ke ɗaukar nauyin ƙungiyar yakan manta da su. Abin da ke riƙe shi koyar da ƙwallo ne a makarantu biyu. Imma ta ji duka, kuma son da take masa bai ragu ba. Ita da ke rubuta wasanninsa ta fi kowa sanin ba gwanin da za a kai Turai ba ne. Ta dai ga mutumin da ba ya gajiya, wanda in abokin wasansa ya faɗi shi ne farkon miƙa masa hannu.

Mu nan ƙasar Buganda saurayi ba ya tunkarar uban yarinya. Gwaggonta ake bi, ƙanwar uba ko yayarsa, ita za ta karɓi wasiƙar da saurayi ya rubuta yana roƙon a haife shi a gidan, wato a karɓe shi a matsayin ɗan gida, ita za ta kai, ita za ta dawo da amsa. Gwaggo Nalubega ta ga Gonzaga ta yaba, amma ta san halin yayanta, mahaifin Imma, dattijon kafinta da ake kira Mzee Bukenya. Don haka ta ce bari ta fara jin ta bakinsa kafin a rubuta komai.

Ta same shi a shago yana goge katako. Da ya ji batun, tambaya ɗaya ya yi, me yaron yake yi.

"Wasa yake yi, Yaya."

"Na san wasa yake yi, tunda ya aiko ki. Sana'arsa nake tambaya."

Gwaggo ta yi bayani har bakinta ya bushe. Mzee ya ce shekara arba'in yana aiki, kuma duk yamma yana iya nuna abin da hannunsa ya bari, kujera ko ƙofa ko akwatin gawa. Shi wannan in ya tashi aiki me yake bari? In ma abin na gaske ne, ai da an gan shi a talabijin. Sannan ya tuna mata da Leonard Kiyingi, mai shagon kayan gini a Katwe, wanda ya daɗe yana zuwa gaisuwa da sukari da sabulu. Ba zai tilasta wa 'yarsa ba, amma idonsa yana can.

Labari ya koma wa Gonzaga, tsoro ya kama shi. A aljihunsa akwai wani kati da kamfanin fenti ya ba duk 'yan wasan, don a takarda dukansu ma'aikatansa ne. Nasa katin cewa ya yi mai kula da sito. Bai taɓa ganin ƙofar siton ba. Ya zauna ya rubuta wasiƙa mai kyau, ya ce shi ma'aikacin kamfani ne, ƙwallo kuwa motsa jiki ce kawai. Ya liƙe ta ya kai wa Gwaggo, bai nuna wa Imma ba.

Abin da bai lissafa ba shi ne, a wannan siton Kiyingi yake sarin fenti duk mako. Mzee ya tambaye shi ko ya san yaron, Kiyingi ya yi dariya ya ce mai siton wani gajeren tsoho ne mai tari. Washegari Gwaggo ta dawo da wasiƙar, babu amsa a ciki.

Da Imma ta ji abin da wasiƙar ta ce daga bakin Gwaggo, ta yi kuka, ba kaɗan ba. Ƙin da mahaifinta ya yi bai ƙona mata rai kamar kalmar motsa jiki ba. Ta rubuta masa:

"Wata goma sha ɗaya ina kare ka a gidanmu, ina cewa aikinka aiki ne. Ashe kai ne ba ka yarda ba. In kana jin kunyar abin da na so a wurinka, me ya rage mini?"

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya tura saƙo bakwai, shiru. Asabar uku a jere tana zaune a teburi tana rubuta makinsa daidai, ba ragi ba ƙari, amma ko sau ɗaya ba ta dubi fuskarsa ba. Ni da na san Gonzaga tun yana ƙarami ban taɓa ganin ya rame haka ba.

A mako na huɗu ya je gidan Gwaggo da wata wasiƙar, a buɗe. Ya roƙe ta ta karanta wa Imma kafin ta kai. Ga abin da ya rubuta:

"Baba, ina gaisuwa da ladabi. Wasiƙar farko ƙarya ce, kuma da hannuna na rubuta, ba wanda ya sa ni. Ban taɓa riƙe makullin sito ba. Ni ɗan ƙwallon kwando ne a rukuni na biyu. Abin da ake biyana kaɗan ne, kuma yakan makara. Koyar da 'yan makaranta ke biya mini haya. Shekaruna ashirin da bakwai, ba zan je Amurka ba, na san iyakata. Amma shekara tara ban yi fashin atisaye ba sai ranar da aka binne mahaifiyata. Abin da nake da shi ke nan. Ina son Nabukenya. Ina roƙon a haife ni a gidan nan."

Kafin ya isa tashar mota wayarsa ta yi ƙara.

"Wannan ita ce wasiƙar mutumin da na sani. Ka ci abinci, Dogona, ka rame."

A bakin titi ya tsaya yana karantawa yana maimaitawa, har ɗan acaɓa ya yi masa tsawa.

Mzee Bukenya ya karɓi wasiƙar, bai dawo da ita ba, bai kuma amsa ba. Imma takan durƙusa ta gaishe shi safe da yamma, ba ya cewa komai sai lafiya lau. Ranar Asabar aka yi ruwa da hantsi. Tana jera takardunta a teburi sai ta hango mahaifinta a kan bencin ƙarshe, da lema da tsohuwar hularsa. Sai ga ta tana rubutu da shuɗi a inda ja ya kamata.

Mzee ya zo da wuri, don haka ya ga abin da 'yan kallo ba sa gani. Ya ga 'yan wasa da tsintsiya suna korar ruwa daga kan siminti, kyaftin ɗinsu a gaba. Ya ga Gonzaga ya ɗinke ragar kwando da zare, ya naɗe gwiwarsa ta hagu da bandeji, ya yi addu'a. Sannan ya ga an lallasa su. 'Yan Bwaise suka ci da tazarar goma sha tara, kuma har minti na ƙarshe Gonzaga yana gudu kamar maki ɗaya ne tsakani.

Da aka watse Mzee ya sauko. Gonzaga ya gane shi, ya russuna, gumi na zuba.

"Kun sha kashi," in ji Mzee.

"Mun sha, Baba."

"Yau nawa ke nan?"

"Dubu ashirin. In an bayar."

"Gwiwar fa?"

"Za ta kai shekara uku ko huɗu. Daga nan sai koyarwa zalla, na fara karatun koci."

"Litinin za ka dawo nan?"

"Ƙarfe shida na safe, Baba."

Mzee ya dubi ragar da aka ɗinke. Ya ce ɗinkin bai yi kyau ba, amma zai riƙe. Can sai ya zaro tef ɗin awo daga aljihu, ya ce yaron ya miƙe ya jingina da bango. Mzee ya hau kan benci ya auna shi daga ƙasa har tsakiyar ka, ya auna faɗin kafaɗa, ya rubuta a tafin hannunsa, ya buɗe lemarsa ya tafi.

'Yan ƙungiya suka yi ta dariya, wai surukinsa ya auna masa akwatin gawa. Gonzaga bai yi dariya ba. Ya tambayi Imma, ta ce wallahi ita ma ba ta sani ba.

Kwana tara ana zullumi, sannan Gwaggo Nalubega ta bugo waya tana guɗa. Amsa ta zo, layi biyu da rubutun kafinta: an karɓa, a zo ranar Asabar ta biyu a watan Disamba. Kiyingi ya ji, ya daina kai sukari.

Ranar gabatarwa tsakar gidan Mzee ta cika. Maza sun sha farar doguwar riga ta kanzu da kwat, mata sun sha doguwar rigar gargajiya ta gomesi, ƙamshin matoke, wato dafaffiyar ayaba, da miyar gyaɗa ya cika unguwa. 'Yan ƙungiyar Nateete suka jero da kwandunan kaya, dogaye zanƙal-zanƙal, har rumfa ta yi musu kaɗan. Masu magana da yawun gidajen biyu suka yi ta zolayar juna. Da na gidan amarya ya tambayi sana'ar baƙon, na ango ya ce da ƙarfi, ɗan ƙwallon kwando ne, rukuni na biyu. Imma tana durƙushe kan tabarma, kanta a ƙasa, murmushi ya ƙi ɓoyuwa.

Sai aka zo kan abin da ya fi komai. Gwaggo ta kama hannun Gonzaga za ta shigar da shi cikin ɗaki, inda za a ba shi 'ya'yan kofi ya tauna da ruwa ya sha, daga nan ya zama ɗan gida. Tsofaffin gidajenmu ƙofofinsu gajeru ne, shi kuwa tun yana ɗan shekara goma sha biyar bai shiga ɗakin kowa a miƙe ba. Ya sunkuyar da kai kamar kullum, ya taka.

"Miƙe, ɗana," in ji Mzee daga ciki. "Na auna."

Gonzaga ya ɗaga kai a hankali. Babu abin da ya taɓa shi. Ƙofar sabuwa ce fil, katakon yana ƙamshi, simintin da ke samanta ko gama bushewa bai yi ba. Mzee ya fasa bangon ɗakin da ya gina da hannunsa tun kafin a haifi Imma, ya ɗaga ƙofar, har ya bar masa rarar yatsu huɗu.

Gonzaga ya tsaya yana kallon ƙofar. Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Gwaggo ta ce ita dai ba ta taɓa ganin jariri mai irin wannan tsawo ba, amma kuka kam ya iya.

Aka shigo da Imma ta durƙusa kusa da shi. Mzee ya miƙa masa 'ya'yan kofin ya tauna, ya ba shi ruwa ya sha, sannan ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗayan a kafaɗar Gonzaga, wanda shi ma ya durƙusa don hannun ya kai.

"An haife ka," ya ce. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana, ya kiyaye maka gwiwar nan. In sun ɗauko tsawonka ma, ƙofa ta ishe su."

Imma ta laluɓo hannunsa ta ƙarƙashin gyalenta ta matse. "Daina kuka, Dogona," ta raɗa masa. "Ka shigo gida."